Riwayan Gumel da fitilun Hilux ɗina, wata takwas bayan aikin

Duk ranar kasuwar Gujungu in na tsaya shan shayi da magariba, sai wani direba ya zagayo gaban motata, ya sunkuya ya leƙa fitila, ya ce, "Alhaji, don girman Allah wane ƙwai ka sa?" In na ce masa H4 ne mai wat 60/55, irin wanda motar ta fito da shi daga kamfani, sai ya yi ɗan murmushin nan na wanda ake wa rowar magani. Har akwai wanda ya sa na buɗe masa bonet. Na gaji da rantsuwa a bakin teburin mai shayi, shi ya sa na zauna na rubuta abin da aka yi wa motar, da wanda ya yi, da inda aikin nasa ya gamsar da ni da inda ya ba ni haushi.

Motar Hilux ce ƙirar 2008, mai ƙofa biyu, mai shan fetur. Hannu na biyu na saye ta, yau shekara shida. Da ita nake kwasar riɗi da zoɓo da wake daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa Gumel, ranar Alhamis na nufi Maigatari, in kaya sun taru kuma na kai Dawanau a Kano. Wanda bai san sana'ar ba zai ce me ya haɗa ka da tuƙin dare. To ai ba a gama ciniki da awo da ɗinkin buhu sai la'asar sakaliya, kafin 'yan dako su gama lodi an kira magariba. Rabin rayuwata a titi cikin duhu nake yin ta. Marigayi mahaifina ya yi wannan aikin da a-kori-kura Fijo 504, fitilarta gilashi ne na gaske, har motar ta mutu bai yi rawaya ba. Tawa kuwa roba ce, ta koma kamar ruwan kunun tsamiya, ni kuma don kullum ina ganin ta ban lura da yadda hasken yake raguwa ba.

Abin da ya tashe ni tsaye ya faru ne wata Alhamis a watan Nuwamban bara. Mun baro Maigatari bayan isha'i da buhu goma sha takwas na zoɓo, hazo ya fara sauka, ni da ɗan ƙanwata da ke bi na a mota. Ina kan tamanin, na sauke fitila saboda wata tirela da ta taho. Tana wucewa, kafin idona ya dawo daidai, sai yaron ya daki dashbod ya ce, "Kawu, amalanke!" Shanu biyu ne ke jan ta, an lafta mata karan dawa har ya rufe mai korar, babu fitila, babu ko ƙyallen da zai ɗauki ido. Na taka birki, na karya sitiyari zuwa hagu, kara ya goge madubin gefe ya karya shi. Allah ya sa babu wata motar a bayan tirelar. Da na tsaya na fito, ƙafata rawa take. Dattijon da ke kan amalanken ya ce, "Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba," kamar ba shi ne aka kusa aikawa lahira ba. A hanya yaron, da yake ya gama sakandare, ya yi mini lissafi a waya: mota a kan tamanin tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Ni kuwa a daren nan ban ga karan ba sai da ya rage bai fi mita talatin ba.

Washegari na yi abin da kowa ke yi. Na je shagon kayan mota na ce a ba ni ƙwai mai ƙarfi, aka ba ni mai wat 100/90. Haske ya ɗan ƙaru, ba zan yi ƙarya ba. Sati uku da sawa, muna tsakanin Gagarawa da Gujungu, na ji ƙaurin roba, fitilar dama ta lumshe ta mutu. Soket ɗin ne ya narke ya manne da ƙafafun ƙwan, sai da aka sa filaya. Na ƙarasa da ido ɗaya, 'yan babur suna ɗauka ɗan'uwansu ne ke tahowa.

Daga nan na faɗa hannun LED, wato ƙwan fitilar nan na zamani mai farin haske. Wani yaro mai shago ya fito mini da kwali mai sheƙi, an rubuta lambobin haske masu sifiri huɗu a jiki, ya jona ɗaya da batir a cikin shagon, wallahi sai da na kare idona da hula. Naira dubu goma sha takwas na biya ina jin na yi riba. Daren farko a ƙofar gida yara suka taru suna ihu wai Baba ya kawo rana. Uwargida ma ta leƙo ta ce, "Alhaji, wannan ai sai ka haska mana tsakar gida mu huta da tocila."

A titi ne labari ya sha bamban. Hasken fari ne fat, har da ɗan shuɗi-shuɗi, yana haska rassan bishiya da allunan gefen hanya da saman rumfuna, amma kwaltar da nake buƙatar gani can gaba sai ta zama dabbare-dabbare, nan haske nan duhu. Duk motar da ta taho sai ta watsa mini ful, ko da ina kan dim. Na sha zagi iri-iri, wani direban bas har ya rage gudu ya leƙo ya aiko mini da daƙuwa, kuma da gaskiyarsa. 'Yan babur kan sauka daga kwalta gaba ɗaya in sun hango ni. Wani dare na ga wani mai babur da mace a baya da goyo ya tsaya cak ya rufe fuska da hannu har na wuce, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, ko tirela ta tayar da ƙura a burji, sai ka ga farin bango a gabanka, hasken duk ya dawo maka ido. Rediyo ma ta daina kamawa, da na kunna fitila sai shuuu, labaran dare sun gagare ni. Ɗan shuɗin hasken nan na dashbod da ke nuna kana kan ful shi ma ya daina kawowa. Wata biyu da 'yan kwanaki, ƙaramar fankar da ke bayan ƙwan hagu ta cika da ƙura ta tsaya, ƙwan ya fara ƙifta ido. Na koma wurin mai shagon, ya ce ai kayan wuta ba su da garanti. Na yi shiru na fito.

Wani abokina direban tifa ne ya ce mini, "Kai dai kana ta sayen ƙwai kamar mai kiwon kaji. Je wurin dattijon nan na Gumel ya duba maka waya." Ba zan faɗi sunansa ba, don bai san ina rubutun nan ba, amma direbobin garin sun san shi. Wurin ba shago ba ne a ce shago. Rumfar kwano ce a gindin darbejiya, benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo, tsofaffin altaneta da kik a jibge, da wani akwatin ƙarfe da yake kullewa da kwaɗo biyu. Yara uku ne ke koyon aiki. Shi kansa ya haura sittin, da tabarau ɗaure da zare, ba ya son surutu. Na fara zuba masa labarin ƙwayayen da na saya, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, tayar da motar tukuna."

Ya fito da mitar awon wuta daga akwatin, ya ɗora a kan batir, inji na aiki: bolt 14.0. Ya cire LED ɗin, ya sa wani tsohon ƙwai nasa na gwaji, ya ce yaron ya kunna fitila, ya soka bakin mitar a bayan soket. Ya juyo da ita ya nuna mini ba tare da ya ce komai ba: 11.9.

Na ce, "Malam, biyu ce kawai ta ɓata, ai ba yawa."

Ya ce, "A awon gero ba yawa. A ƙwan fitila kuwa, in wuta ta ragu kashi goma cikin ɗari, haske kusan kashi talatin yake raguwa. Kai sama da kashi ɗaya cikin uku na haskenka a hanya yake zubewa, bai taɓa isowa nan ba."

Sai ya bi da ni hanyar da wutar ke bi. Daga batir ta shiga akwatin fiyus, ta bi siririyar waya ta zo ƙwai, sannan ta zagaya har makunnin da ke jikin sitiyari kafin ta sauka a bodi, don irin wannan Toyota ta ɓangaren nagetif take kunna fitila, ba ta fozitif ba kamar wasu motocin. Kowace mahaɗa a wannan doguwar tafiya ta sha zafi da ƙura da ruwan damina shekara goma sha shida. Ya zare wata mahaɗa ya nuna mini, tagullar ta yi kore kamar gansakuka. Ya ce wannan tsarin na nagetif shi ya sa LED da yawa ke rikicewa a Toyota, har alamar ful ta ɗauke. Mai wat 100 kuma yana jan amfiya sama da takwas, inda aka yi wayar da soket ɗin don mai jan biyar, to dole wani abu ya narke. "Ka gode Allah soket ne ba makunni ba."

Game da LED ɗin, ya ɗauko ƙwan H4 ya riƙe shi ta gindi ya ce na matso. Zare biyu ne a ciki, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a ƙarƙashin na gaba akwai wani ɗan ƙarfe da ya kira cokali. Cokalin nan shi ke tare hasken dim kada ya tashi sama. Kwanon fitilar mai sheƙi kuma an ƙera shi ne daidai da inda zaren yake zaune, ko kaurin farce aka gusa, hasken ya watse. Ya ajiye LED ɗina kusa da shi: faffaɗan allo ne mai kauri, idanun hasken ba a wurin zaren suke ba. Ya ce akwai LED na kirki da aka yi idonsu siriri a daidai mazaunin zare, ya sa wa mutane sun ji daɗi, amma kuɗinsu ya ninka nawa sau uku ko huɗu, kuma ko su ba ya sa wa mota mai dusasshen gilashi. Wannan ne karo na farko da wani ya yi mini bayanin abin da zai sayar mini da wanda ba zai sayar mini ba.

Aikin wayar bai ɗauki dogon bayani ba. Ya ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir, ya sa mata fiyus kusa da kan batir ɗin, ya kafa rile biyu, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa, ɗaya na dim ɗaya na ful. Tsohuwar wayar motar bai yanke ta ba, ita ce yanzu take ba rile umarni kawai, nauyin wutar kuma sabuwar ke ɗauka. Ya sa soket na tangaran maimakon na roba, ya kankare fenti a jikin bodi har ƙarfe ya fito fari kafin ya ɗaure wayar nagetif ta kowace fitila. Abin da ya fi burge ni, duk mahaɗa sai da ya yi mata dalma, ba murɗawa da baƙin salatif ba irin na riwayoyin bakin tasha. Da ya gama ya sake soka mita: 13.6. Ƙwai kuma ya ce na nemo Philips ko Osram na asali mai 60/55, kada na ƙara ko wat ɗaya. Na samo Philips. Yaronsa ya kai hannu zai kama gilashin ƙwan, ya buge masa hannu da sukudireba. Maiƙon yatsa in ya zauna a gilashin, wurin yakan fi sauran zafi har ƙwan ya kumbura ya mutu.

Sai gilashin fitila. A nan ne aka gano abin da ban taɓa tsammani ba. Yana goge ta hagu da tsumma, sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya kira ni. A cikin ƙananan rubutun da ke jikin robar akwai wata 'yar kibiya. Ya ce na duba ta dama. Babu.

"Alhaji, an taɓa buge motar nan ta hagu?"

Na ce kafin na saya, an ce jaki ne.

Ya ce to wanda ya gyara ya sa mata fitilar ƙasashen da ke tuƙi ta hannun hagu. Ana ƙera Hilux irin tawa a Tailan da Afirka ta Kudu, su kuma duk ta hagu suke bi, kamar Ingila da Japan, don haka fitilunsu sun cika kasuwar kayan Beljiyam. Hasken dim ba a miƙe yake ba, gefe ɗaya a kwance yake, ɗaya gefen ya ɗaga sama don ya haska bakin hanya, inda mai tafiya a ƙasa da dabbobi suke. Mu da muka koma tuƙin dama tun 1972, namu ta dama yake ɗagawa. Tasu ta hagu take ɗagawa, wato cikin idon duk wanda ya taho. Shekara shida ina yawo da fitila ɗaya tana kallon bakin hanya ɗaya tana tsone wa bayin Allah ido, tun kafin LED ya zo ya ƙara wa Borno dawaki. Ya ce in zan saya na duba: mai kibiya ɗaya a bar ta, marar kibiya ita ce tamu, mai kibiya da kai biyu kuma ana iya juya ta ta yi kowane hannu. Na shiga Kano, na zagaya Ƙofar Ruwa da wannan karatu a kaina, na ajiye guda uku kafin na samu marar kibiya mai gilashi garau. Wani mai shago ya ce, "Alhaji, kai kuwa wa ya koya maka wannan?"

Ta dama ba a canza ta ba, wanke ta aka yi. Yaran suka zauna da bokitin ruwa da samfefa, suka fara da mai lamba 800, suka koma 1500, suka ƙare da 2000, ruwan da ke zuba rawaya kamar an jiƙa rini. Da farko gilashin ya yi fari kamar nono, gabana ya faɗi, na ce sun kashe mini fitila. Sai da aka sa man gogewa aka murza sannan ya washe, aka fesa masa wani ruwa mai sheƙi.

Saiti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya ƙi yi da rana ko da na nuna ina sauri. Bayan magariba muka tafi bayan wani sito mai dogon bango da fili a shafe. Ya tambaye ni yawanci da kaya nake tafiyar dare ko wayam. Na ce da kaya. Ya ce to a nemo nauyi, don in bayan a-kori-kura ya zauna, hancinta sama yake kallo, dim ya koma ful. Muka roƙi mai siton aron buhu goma na gero, 'yan dako suka ɗora, na ba su na goro. Ya matsa da motar dab da bango, ya yi alama da gawayi daidai tsakiyar kowace fitila, ya sa na ja baya mita goma, yaronsa na aunawa da igiya mai ƙulli. Ya ja wani layin santimita goma a ƙasa da alamar farko. Ya rufe fitila ɗaya da buhu, ya zura sukudireba a bayan ɗayar, yana juyawa a hankali, ina kallon bakin hasken yana saukowa a bango kamar ana sauke labule, har ya zauna kan layin gawayi. A lokacin na fara ganin siffar hasken motata: a kwance ta hagu, ya tashi ta dama kamar gwiwar hannu. Na ce, "Malam, ashe haka abin yake." Ya ce, "Haka masu ita suka yi ta."

Wata takwas ke nan. Hasken ba fari ba ne, ruwan ƙwai ne irin na da, kuma in ka tsaya a gaban motar ba zai burge ka kamar LED ba. Daga bayan sitiyari ne ake gane bambanci. Kwalta a shimfiɗe take da haske bai ɗaya, ina gane rami daga facin kwalta tun da nisa, gefen dama kuma yana kaiwa har cikin ciyawa, inda awaki ke kwanciya da inda Fulani ke bi da shanu daren Laraba za su Maigatari. A ful ina hango idon dabba yana ƙyalli tun ina da sararin rage gudu a natse. A hazo ban ce ina gani kamar rana ba, ƙarya ne, har yanzu sai na sauko hamsin ko ƙasa, amma farin bangon nan ya tafi. Rediyo ta dawo. Masu watsa mini ful sun ragu ƙwarai, sai dai waɗanda su ma irin tsohon ciwona ke damun su.

Yanzu inda ya ba ni haushi. Mutumin nan ba shi da agogo. Aikin da ya ce na yini ɗaya ne sai da na yi masa zuwa uku. Ranar farko ya tafi jana'iza, wannan ba a cewa komai. Rana ta biyu ya bar motata a buɗe ya koma kan kik ɗin wata bas, wai fasinja na jira, na zauna kan bencin nan mai ƙafa uku tun hantsi har azahar, kasuwar Maigatari ta wuce ni a wannan satin. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, ba ya kuma kira in ya gama. Na biyu, rile ɗaya yaronsa ne ya ɗaure shi, ya sa ƙafafun suna kallon sama. Ruwan Agusta ya taru a ciki, wani dare ina shiga Gumel ful ya ɗauke ɗif, saura dim. Da na koma bai yi musu ba, ya kira yaron ya nuna masa, ya canza rilen ya juya shi ƙasa, bai karɓi ko sisi ba. Na yaba da hakan, amma da ya duba aikin yaron tun farko da ban shiga wannan ba, kuma da a tsakiyar daji ne ina gudu fa? Na uku, fitilar da aka wanke ta fara komawa rawaya ta gefen sama. Ya faɗa mini tun ranar cewa samfefa tana cire fatar da kamfani ya sa don kare robar daga rana, abin da ya fesa kuma ba zai kai ta ba, amma ya ce shekara, ga shi wata takwas ta fara. Ina ganin da na haƙura na sayi biyu a Ƙofar Ruwa lokaci ɗaya.

Kuɗi, a farashin watan Maris: waya da rile da fiyus da soket dubu goma sha huɗu, ƙwai biyu dubu goma sha biyu, fitilar Beljiyam dubu arba'in da biyar ban da kuɗin motar zuwa Kano, ladan aikinsa da wankin gilashi da saiti dubu goma, kuma bai ƙara ba duk da zuwa ukun. In ka cire fitilar da ta zama dole saboda kibiya, abin da na kashe a wurinsa bai wuce abin da na zubar a kan ƙwayaye da narkakken soket da madubin gefe ba. Ya gargaɗe ni cewa ƙwai in yana samun cikakkiyar wuta ba ya daɗewa kamar wanda ke cin rabi, don haka akwai guda ɗaya a kwalinsa cikin aljihun dashbod, da fiyus biyu. Har yau ban taɓa su ba.

Mai sabuwar mota da wayarta ke da lafiya ba lallai ya ga bambancin da na gani ba, kada ya ce na yaudare shi. Wanda kuma yake son motarsa ta yi ƙyalli a gidan biki, wannan dattijon ba nasa ba ne, zai ma iya korar sa. Amma mai tsohuwar a-kori-kura da ke kwana a hanya, kafin ya sake ba mai shago kuɗin ƙwai, ya nemi riwaya mai mita ya ce a auna masa wuta a batir, a auna a bayan soket, ya ga lambobin da idonsa. In zai je wurin na Gumel, ya tafi ranar da ba kasuwa, ya riƙe abin karyawa, kuma ya tsaya a kan yaran in suna ɗaure rile.

Alhamis ɗin da ta wuce mun baro Maigatari da riɗi, hazon bana ya fara. Wajen wurin nan dai na bara, ɗan ƙanwata yana gyangyaɗi, na hango wani abu baƙi a gefen dama, sai ƙafafun shanu, sai tayar amalanke. Na saki totur, na ba da sigina, na zagaye ta a hankali. Yaron ya farka ya ce, "Kawu, mun iso?" Na ce saura. Na tsaya gaba kaɗan, na ɗauko wani jan kyalle mai ɗaukar ido da na saya tun rani yana ta yawo a bayan kujera, na ba shi na ce ya kai wa mai amalanken ya ɗaura a baya. Ya dawo yana dariya, wai mutumin ya karɓa ya yi godiya, ya ninke shi ya sa a aljihu.